ALT ɗin nan da ake gani a takardar gwajin hanta, mene ne shi kuma me yake yi a jiki?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, makin takardun ɗalibai ne ya sha min kai shi ya sa sai yau. Ka ce an yi wa Baba gwajin hanta an samu ALT 86, ɗan'uwansa AST da ake aunawa tare da shi kuma 52, kuma an ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, sannan wani a majalisa ya ce masa wai ALT wata guba ce da ta taru a jini sai ya sha maganin wanke hanta ta sauka. Kai kuma kana aji biyu a sashen gwaje-gwajen asibiti, an koyar da ku musayar amino kun haddace don jarrabawa amma har yanzu ba ka ga abin a ido ba. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ni malamin bayokemistiri ne, maganar magani ta likitan da ke duba shi ce, amma abin da ALT yake da abin da lambar take nufi wannan gonata ce, don haka ka gyara zama, zan ɗan ja.

Da farko dai ALT ba guba ba ce. Ma'aikaci ne, kuma yanzu haka da kake karanta wannan yana nan cikin hantarka yana aiki, ni ma haka, jaririn da aka haifa yau ma haka. Enzayim ne, wato furotin da aikinsa shi ne hanzarta wani canji na sinadarai wanda in an bar shi shi kaɗai zai ɗau lokacin da rai ba zai iya jira ba. Cikakken sunansa alanin aminotiransfares, tsofaffin takardu kuma suna rubuta SGPT ko GPT, duk abu ɗaya ne, kar ka ruɗe in ka ga wani lab ya rubuta wannan wani ya rubuta wancan.

To me ya sa jiki ke buƙatarsa? Ka san duk furotin, na nama ne ko wake ko ƙwai ko na tsokar jikinka, sarƙa ce ta amino asid, iri 20 ne ake jerawa. Sitaci da mai abubuwa uku kawai ke cikinsu, kabon, haidurojin, oksijin, in jiki ya ƙona su sai iska da ruwa, shi ke nan. Amino asid kuwa yana da ƙarin abu ɗaya, naitirojin, wanda ke maƙale a jikinsa a matsayin rukunin amino. Kuma ga matsala, jiki ba shi da rumbun ajiye amino asid. Suga in ya yi yawa a mai da shi gilaikojin a ajiye a hanta da tsoka, mai a tara a tumbi, amma in ka zauna ka cinye tsire na dubu biyar, abin da jiki bai buƙata don gini ba dole a sarrafa shi a ranar. Ban da wanda ka ci ma, jikin baligi yana rushe kusan giram 300 na furotin ɗinsa yana sake ginawa kullum. Kafin a ƙona amino asid ko a mai da shi suga sai an cire masa wannan amino ɗin, in kuma aka cire aka yar kara zube ya zama amoniya, ita kuwa amoniya ƙwaƙwalwa ba ta shiri da ita ko kaɗan, masu ciwon hanta da ya yi nisa da kake gani suna ruɗewa suna barcin rana suna sambatu, akwai hannunta a ciki. Shi ya sa jiki ba ya yar da amino, miƙa shi yake yi daga hannu zuwa hannu har ya isa inda za a kashe masa dafi.

Yadda nake gaya wa ɗalibaina shi ne ku ɗauki amino a matsayin hula. Alanin, wanda amino asid ne, da fairubet, wanda jiki ke samu in ya farfasa suga, mutum ɗaya ne, kabon uku-uku, bambancin kawai alanin na sanye da hula, fairubet kansa a buɗe. Haka gulutamet, shi ma amino asid, da abokinsa alfa-ketogulutaret, kabon biyar-biyar, gulutamet mai hula, ɗayan babu. Abin da ALT ke yi shi ne ya cire hular kan alanin ya ɗora wa alfa-ketogulutaret, sai alanin ya koma fairubet, wancan ya koma gulutamet. Ba a ƙirƙiri hula ba, ba a ɓatar da hula ba, kai kawai ta sauya. Kuma aikin yana tafiya gaba yana dawowa baya kusan daidai wa daida, wanda ya fi yawa a wurin shi ke tura aikin. Riƙe wannan don zai dawo. Af, gulutamet ɗin nan shi ne dai na farin magi, kuma shi ne ke ba daddawa ɗanɗanonta, wani masani ɗan Japan Kikunae Ikeda ya gano shi ne tushen wannan ɗanɗano a 1908, jikinka kuma yana ƙera shi dare da rana ko ka ci magi ko ba ka ci ba.

Wanda ya fara gano wannan musaya Alexander Braunstein ne tare da Maria Kritzmann a Mosko a 1937, da niƙaƙƙen naman ƙirjin tantabara suka yi aikin. Sun ga amino na tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da amoniya ta fito ba, a lokacin abin mamaki ne don tunanin mutane shi ne dole a fara sakin amoniya.

Yanzu siffarsa, nan ne nake so ka nutsu don nan ne ɗalibai ke gudu alhali nan ne daɗin yake. ALT ɗin da ake aunawa a jini galibi shi ne ALT1, sarƙa ce ta amino asid 496, umarnin ƙera shi yana kan kuromosom na 8, wato ɗaya daga ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, kuma yana zaune ne a ruwan cikin ƙwayar halitta. Yana da ɗan'uwa ALT2 mai amino asid 523 daga kuromosom na 16, shi kuma ya fi zama a mitokondiriya, wato ɗakunan samar da ƙarfi na cikin ƙwayar halitta, a tsoka da ƙwaƙwalwa. Sarƙar nan ba a miƙe take ba kamar igiyar shanya, naɗe take, wani wuri ta murɗe kamar naɗin rawani wani wuri ta kwanta layi-layi kamar saƙar tabarma, har ta zama dunƙule mai ɓangare biyu, babba da ƙarami, da ɗan rami a tsakaninsu. Wannan ramin shi ne wurin aiki. Sauran amino asid ɗari huɗu da tamanin da wani abu kusan duk aikinsu shi ne su riƙe 'yan ƙalilan da ke bakin ramin a daidai inda ya kamata, in ɗaya ya goce da tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar zarra biyu ba aiki na iya tsayawa.

Kuma ba ya aiki shi kaɗai, tagwaye ne, sarƙa biyu iri ɗaya ke rungumar juna. Wannan ba ado ba ne, kowane rami daga cikin biyun da sassan duka tagwayen aka gina shi. In ka raba su ba rabin aiki za ka samu ba, babu aikin gaba ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka kenan a zahiri.

Gaskiyar magana mafi yawan abin da muka sani game da yadda dangin nan ke motsi daga yayansa AST, wato aspatet aminotiransfares, aka koya, shi ne aka fi yi wa bincike. A 1980 ƙungiyar Johan Jansonius a Basel ta ƙasar Suwizalan ta fitar da siffar AST na mitokondiriyar zuciyar kaza ta hanyar daskarar da enzayim ɗin kamar ƙwayar gishiri a haska shi da hasken eksire. A AST an ga cewa da zarar amino asid ya shiga ramin, ƙaramin ɓangaren yana juyowa da kusan digiri 13 ya rufe shi, kamar ka kifa faifai a kan ƙwarya, ruwa ya fita, a yi aiki a asirce, sannan ya buɗe. An kuma ga amino asid arjinin guda biyu a jikin sarƙar, na 386 da na 292, masu cajin tabbatacce, suna damƙe kawuna biyu masu cajin korau na aspatet, amino asid ɗin da AST ke karɓa, kuma na 292 ɗin daga ɗaya tagwayen yake miƙo hannu. Ka ga inda zaɓe yake fitowa, AST na son aspatet saboda ramin an yanka shi daidai jikinsa, ALT kuma alanin ɗan ƙarami mai gajeren reshe yake karɓa. Ginin gidan iri ɗaya ne, ƙofar ce aka sauya wa awo.

Amma duk wannan furotin ɗin, da girmansa, ba zai iya riƙe hular da kansa ba. Yana buƙatar ɗan aike, wani ƙaramin sinadari da ake kira firidoksal fosfet, a taƙaice PLP, wanda jiki ke yi daga bitamin B6. Paul György ne ya bambance bitamin ɗin a 1934, sai Esmond Snell a Amurka a tsakiyar shekarun 1940 ya gano nau'o'insa biyu, firidoksal da firidoksamin, har ya nuna in ka dafa firidoksal da gulutamet a kwalba ba tare da wani enzayim ba musayar tana faruwa, a hankali dai. Wato asalin gwanin shi ne bitamin ɗin, furotin ya zo ne ya ba shi wurin zama, ya zaɓo masa abokin ciniki, ya kuma ninka masa sauri ninkin ba ninkin. Ni wannan yana cikin abubuwan da suka sa na tsaya a wannan fanni wallahi.

Ga yadda abin ke gudana. Lokacin da enzayim ke zaune ba aiki, PLP na ɗaure da wani laisin, ɗaya daga amino asid ɗin sarƙar, a cikin ramin, a ALT1 na mutum laisin na 314 ne, a AST na 258, ɗaurin da ake kira Schiff bes. Alanin ya shigo, sai aminonsa ya ture laisin ɗin ya karɓe wurinsa, yanzu PLP na ɗaure da alanin. Laisin da aka ture bai tafi hutu ba, juyowa yake ya zare haidurojin ɗaya daga kabon ɗin da ke riƙe da amino. A al'ada wannan haidurojin ba ya zaruwa cikin sauƙi saboda in ya tafi ya bar ilektiron biyu ba su da wurin zuwa, to nan ne zoben PLP ke nuna bajintarsa, yana da naitirojin mai caji a gindinsa wanda ke janyo ilektiron ɗin ya baza su ko'ina a jikin zoben, kamar yadda kududdufi ke shanye ruwan unguwa kafin ya ci gida. Sai laisin ya mayar da haidurojin ɗin amma a wani kabon daban, na ɓangaren PLP, ruwa ya shigo ya yanke ɗaurin, fairubet ya fita kansa a buɗe, hula ta rage a hannun bitamin, wanda yanzu sunansa ya koma firidoksamin fosfet, PMP. Rabin aiki kenan. Sai alfa-ketogulutaret ya shigo a sake bin matakan nan tun daga ƙarshe zuwa farko, ya fita a matsayin gulutamet, PLP ya koma ya ɗaure da laisin ɗinsa kamar ba a yi komai ba.

Lura da abu ɗaya da malamai ke son tambaya, alanin da alfa-ketogulutaret ba sa taɓa haɗuwa a cikin ramin. Ɗaya sai ya fita kafin ɗaya ya shigo. Aikin dillali ne sak, mai kaya ya kawo ya ajiye ya tafi, mai saye ya zo daga baya ya ɗauka, ba su san fuskar juna ba. A littafi za ka ga an kira shi tsarin ping-pong, kuma in aka zana jadawalin Lineweaver da Burk layukan a jere suke fitowa ba sa gicciye juna, in ta fito a jarrabawa ka gode min. Kuma ka riƙe cewa laisin da tiriyonin da ake son ƙonawa, ba laisin ɗin cikin rami ba, ba sa shiga wannan musaya, suna da tasu hanyar.

To mu koma jiki. Ka ɗauki mai azumi da la'asar sakaliya, ko wanda ya kwana bai ci ba. Ƙwaƙwalwa na cin kusan giram 120 na gulukos a rana kuma ba ta karɓar uzuri, gilaikojin ɗin hanta kuwa wajen giram 100 ne, kwana guda ba ci ya kusa ƙarewa, don haka tun kafin ya ƙare hanta ke fara ƙera sabon suga. Tsoka tana rushe ɗan furotin ɗinta, tana ƙona wasu amino asid musamman masu reshe irin liyusin da balin, huluna suna taruwa a kan gulutamet. A nan cikin tsoka ALT baya yake tafiya, ya cire hula daga gulutamet ya ɗora wa fairubet, alanin ya fito ya shiga jini. Alanin ba shi da dafi, lafiya lau yake tafiya har hanta. A hanta ALT ya juya gaba, ya cire hular, fairubet ya shiga layin ƙera gulukos, gulukos ya koma jini ya tafi ƙwaƙwalwa da tsoka. Mota ɗaya ta kawo itacen girki ta kuma kwaso shara. Philip Felig da George Cahill da abokan aikinsu ne suka fito da wannan zagaye fili wajen 1970, abin da ya ja hankalinsu shi ne alanin bai kai kashi 10 cikin 100 na furotin ɗin tsoka ba amma ya kai kusan kashi 30 na amino asid ɗin da tsoka ke fitarwa, ka ga dole ƙera shi ake a wurin.

Hular da ta iso hanta kuma? Tana kan gulutamet. Wani kaso ya shiga mitokondiriya inda wani enzayim, gulutamet dihaidurojines, zai sake ta a matsayin amoniya amma a ɗaki rufaffe, nan take a kama ta. Wani kaso kuma AST ya ɗora wa okzaloasitet ya zama aspatet. Yuriya, sinadarin da hanta ke ƙunshe naitirojin a ciki don a fitar, naitirojin biyu gare ta, ɗaya daga amoniyar nan, ɗaya daga aspatet, zagayen da Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana a 1932 ke haɗa su, ƙoda ta tace a fitar a fitsari, wajen giram 20 zuwa 30 a rana ga mai cin abinci daidai. Daga tsiren da ka ci zuwa bayan gida, ALT da AST ne kan gadar.

Yanzu ga inda takardar Baba ta shigo. Duk aikin ALT da na lissafa a cikin ƙwayoyin hanta da na tsoka ake yinsa, a jini ALT ba shi da aikin fari bare na baƙi. Ƙarfinsa a cikin hanta ya ninka na jini kusan sau 3,000, don haka ko ƙwayoyin hanta kaɗan ne bangonsu ya yi rauni ko suka mutu, abin da ya zubo ya isa ya ɗaga lambar. In ka ga gero warwatse a gindin rumbu ai ba geron za ka tuhuma ba, rumbun za ka zagaya ka nemo inda ya huje da abin da ya huda shi. Mai cewa a sha magani a wanke ALT shara yake ba ka shawara ka yi, ɓera kuwa yana ciki. Shi ALT ɗin da ya zubo ma ba ya buƙatar wanki, jiki na kwashe rabinsa cikin kusan awa 47, AST kuwa awa 17, in yoyon ya tsaya da kansa lambar ke sauka.

Amfani da su a asibiti ya faro ne a Niyok a 1954, John LaDue da Felix Wróblewski da Arthur Karmen suka ga AST na tashi a jinin wanda ya samu bugun zuciya, bayan shekara biyu aka nuna ALT ya fi karkata ga hanta, a 1957 kuma Fernando De Ritis a Italiya ya kawo dabarar lissafa lambar AST bisa ta ALT a duba abin da ya fito. AST yana da yawa a zuciya, tsoka, jan jini, shi ya sa mai sikila ko wanda ya yi aikin ƙarfi jiya ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani za ka iya ganin AST ɗinsa sama hanta kuwa ba ita ce kan gaba ba. A zazzaɓin Lassa ma AST ke zarce ALT. A ciwon hanta na bairos da bai yi nisa ba ALT ke gaba, kamar na Baba, 52 bisa 86 bai kai ɗaya ba. Mashayin giya kuwa sau da yawa AST ya ninka ALT biyu, ɗaya daga dalilan shi ne giya na cinye masa B6, kuma ALT na hanta ya fi jin rashin PLP.

Wannan ya kawo mu ɓangarenka na lab. Ba nauyin ALT kuke aunawa ba, ƙarfin aikinsa kuke aunawa. Yunit ɗaya na nufin adadin da zai juya maikuromol ɗaya a minti ɗaya. Injin yana zuba alanin da alfa-ketogulutaret a ruwan jinin, fairubet ya fito, sai wani enzayim LDH ya mai da shi laktet yana cin wani sinadari mai taimaka masa, NADH, shi kuma NADH yana shan haske a nanomita 340, saurin raguwarsa shi ne lambar. Tsohuwar hanyar Reitman da Frankel ta 1957 mai launin ƙasa-ƙasa har yanzu ƙananan lab da yawa ita suke yi saboda araha, tana aiki, amma in lamba ta yi sama sosai sai an surka jinin an sake, in ba haka ba ta ba ka ƙasa da gaskiya. Tunda aiki ake aunawa, enzayim ɗin da ba shi da PLP a ramin kamar babu shi ne, shi ya sa wasu riyajen, wato sinadaran gwaji, ake zuba musu PLP wasu ba a zubawa, lambobinsu kuma ba za su zo ɗaya ba. Na taɓa ganin wani ɗan'uwa ya tayar da hankalin gida don lab ɗaya ya ba shi 44 wani 58 a mako guda, alhali hanya ce ta bambanta. Idan za a bibiyi Baba a riƙa yi a wuri ɗaya. Kuma don Allah in kana ɗibar jini kar ka matse sirinji da ƙarfi ta cikin allura zuwa kwalba, jan jini ya fashe AST ya tashi a banza.

Abin da nake so ka fahimtar da Baba cikin ladabi shi ne lambar tana da iyakar abin da take faɗa. Ana kiran gwajin nan gwajin aikin hanta amma ni sunan bai taɓa kwanta min ba, ALT rauni yake nunawa, aikin hanta kuwa albumin, furotin da hanta ke ƙerawa, da bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya in ya taru, da saurin daskarewar jini ke nuna shi. Mutum zai iya shan farasitamol fiye da kima, iyakar baligi giram 4 ne a rana, ALT ya haura dubbai, a yi masa magani da wuri hanta ta warke sarai. Wani kuma hantarsa ta riga ta ƙanƙance ta zama tabo, ALT ɗinsa 30, don ƙwayoyin da za su yi yoyon ma sun yi ƙaranci. Masu wankin ƙoda ma ALT ɗinsu ƙasa yake zama ko da suna da bairos. Har akwai sinadari, bifendet, da aka sani yana sauke ALT a takarda ba tare da ya taɓa bairos ɗin ba. Saboda haka saukar lamba bayan shan wani haɗi ba shaidar warkewa ba ce, musamman a nau'in B da lambar ke hawa da sauka da kanta. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, duk abin da aka haɗiya hantar ce dai za ta fara karɓarsa, kuma tana cikin rauni.

86 ba lambar firgici ba ce, ba kuma ta sharewa ba ce. Yawancin lab suna sa iyaka wajen 40, amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 kan nau'in B ta ɗauki 30 ga namiji, 19 ga mace, kuma ta ce wanda yawan bairos ɗinsa ya wuce yunit 2,000 a kowace mililita ta jini tare da ALT sama da iyaka ya cancanci magani, haka wanda lissafin APRI ɗinsa ya wuce 0.5, lissafin da ake yi da AST da yawan filatilet, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, kai ma za ka iya yi da kalkuletar waya in an yi masa ƙidayar jini. Don haka a je wurin likitan hanta da takardar, a yi gwajin yawan bairos, ƙidayar jini, albumin, bilirubin, hoton ciki. In ya cancanta akwai tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana, suna danne bairos ɗin sosai, sai dai ba a farawa a daina da ka, dainawa kwatsam na iya sa ciwon ya taso da ƙarfi. A gaya wa likita duk abin da yake sha har na gargajiya, in kuma yana kan maganin tarin fuka a faɗa da wuri, aisoniyazid yana taɓa hanta sannan yana kama B6, shi ya sa ake haɗa shi da firidoksin.

Za ka ji an ce ya daina cin nama da wake da ƙwai don kar hanta ta wahala. Ban yarda da wannan ba, kuma ka riga ka ga dalili a sama, in bai ci furotin ba tsokarsa jiki zai rushe, naitirojin ɗin dai hantar zai je, ga rama a kai. Ya ci abincinsa, wake, kifi, gyada mai kyau, ayaba, dankali, duk suna da B6 ma. Abin da zan ce a kiyaye shi ne gyada da masarar da suka yi fumfuna, gubar afalatoksin da ke cikinsu in ta haɗu da nau'in B haɗarin kansar hanta ninkuwa yake, sai giya ko da wasa, sai shan magani barkatai daga kemis.

Ku ma 'yan gida, Mama da ƙannenka da kai, kowa ya yi gwajin, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi allura uku, kai ma tun ba yau ba ya kamata tunda allura da jini ne sana'arka. In sakamakon yawan bairos da filatilet ya fito ka turo min lambobin mu yi lissafin APRI ɗin tare kafin ranar ganin likita. Ka gaida min Baba da jiki.